Wa Ke Riƙe da Mai Riƙo?

Wata takwas jakar yaron ta yi a bayan ƙofa, a ɗaure. Irin ta 'yan makaranta ce, zif ɗinta ya lalace, sai da igiya ake kama bakinta. Duk kayan da aka wanke masa, da zarar sun bushe zai naɗe ya cusa a ciki. Yayata ta ware masa waje a durowa, ta nuna masa, ta sake nuna masa, ya ce to. Gari na wayewa kayan sun koma jaka. Shekararsa 7 a lokacin, ƙanwarsa tana da 4, kuma gidan Yaya shi ne na uku da suka zauna a cikin shekara biyu. Mahaifinsu ya rasu, mahaifiyarsu tana fama da larurar da ba ta barinta ta kula da kanta, balle su. Ba mu haɗa jini da su ba; mamacin abokin mijin Yaya ne.

Ranar da aka kawo su da kwanakin da suka biyo baya, gidan bai rabu da baƙi ba. Kowa ya shigo da addu'a a bakinsa. "Allah Ya saka miki da Aljanna." "Ke dai kin yi abin da ya gagari maza." "Wallahi ni ba zan iya ba." Ina cikin masu faɗa, har ma na fi kowa iya tsara zancen. Bayan sati biyu ƙafa ta ɗauke. Muka koma harkokinmu zuciya wasai, kamar mun sauke wani nauyi, alhali ko tsinke ba mu ɗaga ba.

Sai da aka kwantar da yarinyar a asibiti na gane halin da ake ciki, shi ma a kwana na uku na je. Na tarar da Yaya a zaune a ƙasa, ta jingina da ƙarfen gado, barci ya sace ta da waya a hannu. Mijinta yana wajen aiki a wani gari, sauran yara huɗu suna gida a hannun babbar 'yarta mai shekara 13. Da ta farka na ce, "Sannu da ƙoƙari, Yaya." Ta dube ni ta ce, "Har da kai? Kowa sannu da ƙoƙari. Ƙoƙarin nan fa shi zai kai ni ƙasa. A cikinku akwai wanda ya taɓa cewa kawo su su kwana a wajena ki samu barci?" Ta yi shiru, sannan ta sassauta murya don kada yarinyar ta ji: "Jiya na yi tunanin mayar da su. To wa zan faɗa wa? Duk kun riga kun kai ni Aljanna."

Tun daga ranar nake kallon yabon da muke yi wa masu riƙon 'ya'yan wasu da wani ido daban. Mafi yawansa hanyar zamewa ce. In ka ce wa mutum "ni ba zan iya ba", ka yabe shi kuma ka cire kanka a numfashi ɗaya. Sannan ka ɗaure masa baki, domin wanda aka ɗora a sahun waliyyai ba shi da damar cewa ya gaji, ko ya ce yau yaron nan ya ƙure ni har na ji ba na son ganinsa. Akwai mugayen masu riƙo, zan zo kansu. Amma riƙon da na ga ya watse a idona, yawanci a hannun mutanen kirki ya watse, waɗanda aka bari su kaɗai har ƙarfinsu ya ƙare. Abin da ke zaunar da ɗan riƙo a gida ɗaya har ya girma shi ne a samu wasu mutane a gefen gidan, masu shigowa a kai a kai da taimakon da ake iya taɓawa da hannu.

Mutane suna zaton yaron da aka tsamo daga wahala zai iso da godiya a fuska. Da tsoro yake isowa. Namu yana ɓoye abinci a ƙarƙashin katifa, sai wari ya tona. Yana fitsarin kwance yana ɗan shekara 7. Yana ƙarya a kan abin da ko ya faɗi gaskiya ba wanda zai taɓa shi. Abin da ya fi ɗaure wa Yaya kai, duk ranar da aka kyautata masa fiye da kullum, washegari sai ya yi ɓarnar da ta fi ta kullum: an saya masa sabon takalmi yau, gobe ya fasa gilashin taga da gangan, ya tsaya yana kallonta. Masu nazarin halayyar yara sun daɗe da sanin wannan. Yaron da aka sauya wa gida sau biyu ya riga ya yanke hukunci cewa manya ba sa ɗorewa, don haka gara ya ja ranar korar ta zo da wuri, a lokacin da ya zaɓa, da ta same shi bayan ya saki jiki. Abincin ƙarƙashin katifa guzuri ne na ranar da za a wayi gari babu. Jakar bayan ƙofa ma haka.

Mai riƙon da ta san wannan za ta iya daurewa. Wadda ba ta sani ba, sai ta koma ga masu ba da shawara, kuma mun san abin da suke cewa. "Tsintacciyar mage ba ta mage." "Hali ne, a jini yake." "Ki rabu da su tun kafin su ɓata miki naki." Bakin da ya yi addu'a ranar farko, shi ne dai yake wannan a wata na shida. Ana mayar da yaron, sai masu maganar su ce ai dama mun faɗa, ba tare da sun lura da hannunsu a ciki ba. Shi kuwa kowane sauyin gida asara ce sabuwa: makaranta, abokai, malamin da ya fara gane shi, da mutum ɗaya tak da ya san cewa ba ya iya barci in an kashe fitila. A gida na huɗu zai fi wuyar riƙo fiye da yadda yake a na uku, a na biyar ya fi na huɗu, har a kai inda za a ce ba mai iya masa.

A nan wani zai ce, to ai shi ya sa aka gina gidajen marayu, a kai su can mana, ga ma'aikata ga tsari. Na san akwai masu aiki a irin waɗannan gidaje tsakaninsu da Allah, ba na raina su. Sai dai an gwada wannan tambaya gwaji mai tsauri, kuma amsar ta fito. Lokacin da gwamnatin Nicolae Ceausescu ta faɗi a Romaniya a watan Disamban 1989, duniya ta ga yara fiye da 100,000 jibge a gidajen reno na gwamnati, jarirai a jere cikin gadajen ƙarfe, da yawansu sun daina kuka saboda sun gane kukan ba ya kawo kowa. A shekarar 2000 wasu masana uku daga Amurka, Charles Nelson da Nathan Fox da Charles Zeanah, suka fara wani bincike a birnin Bukarest. Suka ɗauki yara 136 daga waɗannan gidaje, dukkansu ba su kai shekara 3 ba, aka yi ƙuri'a: rabi aka kai su hannun iyalai masu riƙo, rabi suka ci gaba da zama inda suke. Aka bi su shekara da shekaru. Waɗanda suka koma cikin iyali sun fi sauran a gwajin kaifin basira, da iya magana, da shaƙuwa da mai kula da su, kuma waɗanda aka fitar kafin su cika shekara 2 su suka fi cin moriya.

Ana yawan kawo wannan bincike a tsaya a nan, a ce gida ya fi gidan marayu, shi ke nan. Ni abin da ya fi jan hankalina yana cikin yadda aka yi aikin. A lokacin kusan babu tsarin riƙo a Bukarest, sai da masanan suka kafa nasu. Suka zaɓi iyalan, suka horar da su, suka riƙa biyansu, suka kuma ɗauki ma'aikatan jin daɗin jama'a masu zagayawa gidajen a kai a kai, suna sauraron matsalolin masu riƙon suna neman mafita tare da su. Wato riƙon da ya ba da wancan sakamako, riƙo ne da aka tallabe ta kowane gefe. Ba a miƙa wa mace jariri an ce Allah Ya taya ki riƙo an juya baya ba.

Duk da haka, kyautarmu gini take bi. Gidan marayu yana da allo a ƙofa, yana da harabar da za a jera buhuna da katon-katon a ɗauki hoto a sa a Facebook. Matar da ke riƙe da 'ya'yan ƙanwarta uku a ɗaki biyu ba ta da allo, kuma ba wanda zai samu hoton kirki daga wanke mata zanen gado. Har ma akwai wani abu da ba a cika faɗa ba: yawancin yaran da ke gidajen marayu a duniya suna da uwa ko uba ko dangi na kusa a raye, talauci ne ko rashin lafiya ko neman makaranta ya kai su can. Kuɗin da ake zubawa a ginin, da wani kaso nasa ya bi yaron zuwa gidan kakarsa, da bai bar gidan ba tun farko.

Ruwanda ta kama wannan hanya. A 2012 aka ƙidaya yara 3,323 a gidajen marayu 33 a ƙasar, gwamnati ta yanke shawarar mayar da su cikin iyalai, nasu ko na riƙo. Abin da ya fi burge ni shi ne abin da aka ɗora a kai: a kowane ƙauye aka zaɓi 'yan sa-kai biyu, mace da namiji, da ake kira Inshuti z'Umuryango, wato abokan iyali. Sun kusa 30,000 a faɗin ƙasar. Aikinsu su leƙa gidaje, su ga yadda yara suke, su sasanta abin da zai sasantu, abin da ya fi ƙarfinsu su kai gaba. Maƙwabta ne da aka ba horo da izinin ƙwanƙwasa ƙofa.

A can birnin Siyatul na Amurka kuma, a 2004 aka fara wani tsari mai suna Mockingbird, wanda ƙungiyar The Fostering Network ta kai Birtaniya a 2015. Ana haɗa gidajen riƙo shida zuwa goma a kewaye da gida ɗaya na wani gogaggen mai riƙo, wanda ake barin gadaje a buɗe a wajensa. Yaran duk sun san gidan, suna zuwa wasa, suna kwana lokaci-lokaci, iyalan kuma suna haɗuwa duk wata. Ranar da rikici ya yi zafi tsakanin yaro da mai riƙonsa, sai ya je can ya kwana biyu zukata su huce ya dawo, maimakon a kira hukuma a ce a zo a ɗauke shi. Na yi dariya da na fara jin labarin, na ce wato sai da aka zauna aka zana taswira kafin a gano amfanin gidan kaka. Daga baya dariyar ta koma ciki, don na tuna Yaya tana da ƙanne huɗu da ƙawaye ba adadi, amma ba ta da gado ko ɗaya da za ta iya tura yaro ya kwana.

Yanzu ga ɓangaren da masu son kalmar "riƙo" ba sa son a taɓo. Riƙo yana iya zama bauta da aka sa wa riga mai kyau, kuma babu al'ummar da ta kuɓuta daga wannan. Daga 1854 zuwa 1929 an kwashi yara kimanin 200,000 daga Niyok da wasu biranen gabashin Amurka a jiragen ƙasa zuwa yankunan noma. A tashoshi da zaurukan taro ake jera su, manoma su zo su zaɓa, wasu har da matsa damtse da duba haƙora. Wasu sun dace da iyaye na gari, wasu sun zama leburori marasa albashi. A Suwizalan, ƙasar da ake buga misali da ita wajen tsari, an daɗe ana raba 'ya'yan talakawa da na matan da ba su da aure ga manoma suna yi musu aikin gona, abin ya kai har tsakiyar ƙarni na 20, kuma sai a 2013 gwamnati ta fito ta nemi afuwa. A duka biyun, waɗanda suka shirya abin sun ɗauka taimako suke yi. Abin da ya ɓace shi ne mai komawa ya duba bayan an miƙa yaron.

Labarin Victoria Climbié ya fi kusa da zamaninmu. Yarinya ce 'yar Kwaddibuwa da iyayenta suka ba wa wata gwaggon mahaifinta, bisa alkawarin za ta yi karatu a Turai. Ta rasu a Landan a watan Fabrairun 2000 tana da shekara 8, an ƙirga raunuka 128 a jikinta, matar da saurayinta suka sha ɗaurin rai da rai. Ko kwana ɗaya ba a sa ta a makaranta ba a Ingila. Binciken da Lord Laming ya jagoranta, wanda ya fito a 2003, ya nuna cewa asibitoci biyu da 'yan sanda da ofisoshin jin daɗin jama'a da dama sun san da ita, kowa ya ɗauka wani ne zai bi kadi. Waɗanda suka fara ɗaga murya kuwa ba jami'ai ba ne: wata 'yar'uwa ta nesa da ta buga waya ta kai rahoto, da iyalin wata mai reno da suka ga tabo a jikinta suka kai ta asibiti. A dokar Ingila, duk wanda zai riƙe yaro ɗan ƙasa da shekara 16 da ba danginsa na kusa ba har kwana 28, dole ya sanar da hukuma. Doka ce mai kyau, amma takarda ba ta ganin tabo.

Na san abin da ke hana mu magana. Shiga sharo ba shanu, in ji mu. Gidan wani, tarbiyyar wani. Kuma gaskiya ne, in ka tashi rana tsaka ka je gidan da ba ka taɓa kai ko allura ba ka ce ka zo duba yadda ake riƙe da yarinya, korar kare za a yi maka, kuma ba a zalunce ka ba. Shi ya sa nake ganin taimako da sa ido ƙofa ɗaya suke shiga. Wanda yake zuwa duk sati ya ɗauki yara ya kai su makaranta, shi zai lura cewa 'yar riƙon ce kaɗai ba ta shirya ba, kullum da uzuri. Wadda take taya wanki ita za ta ga kayan wa suka tsufa suka yage ba a sauya ba. Mai zama a ci abinci da shi zai ga wa ke ci a ƙarshe, a tsaye, a bakin murhu. Zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar da ta saba shiga gida ita ke da bakin cewa, "Yaya, yarinyar nan fa aikin ya yi mata yawa." Mai riƙon kirki za ta ji ta gyara, don ta san mai maganar yana ɗauke da wani ɓangare na kayan. Mai riƙon sakainar kashi kuma ta san akwai ido a kanta. In abin ya wuce gyara, ya kai ga duka mai barin rauni, ko yunwa, ko lalata, to ba sauran zancen kunya ko sirrin gida; hukuma ake kai wa, a ranar.

Sai batun kuɗi, inda muke da wani irin tsarki na ƙarya. Da an ji mai riƙo tana karɓar wani abu daga gwamnati ko wata ƙungiya ko dangin yaron, sai a fara taɓe baki: ashe don kuɗi take yi. Likita yana karɓar albashi ba mu ce ba ya son marasa lafiya ba. Yaro yana ci, yana yaga takalmi, yana rashin lafiya, kuma sau da yawa mai riƙon ta rage sana'arta ko ta ajiye aiki saboda shi. Waɗanda suka fi shan wuya a nan su ne dangi, musamman kakanni. A ƙasashe da dama baƙon da hukuma ta tantance ta ba shi yaro yana samun alawus da horo, amma kakar da ta kwashi jikoki huɗu cikin dare ɗaya ba ta samun komai, wai ai nata ne.

Kada kuma a fake da "al'umma" a sauke wa gwamnati nauyinta. Yarjejeniyar Kare Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta 1989, ta faɗa a sashe na 20 cewa yaron da ya rasa zama cikin iyalinsa yana da haƙƙin kariya da taimako na musamman daga gwamnati. Ta ambaci riƙo, ta ambaci kafala ta shari'ar Musulunci da sunanta, ta ambaci ɗaukar ɗa, sannan ta sa gidajen reno a ƙarshe, in ya zama dole. Maƙwabci ba zai iya tantance masu riƙo ba, ba zai iya fitar da takardar haihuwa ba. Sati shida Yaya ta yi tana zarya kafin wata makaranta ta karɓi yaron, saboda ana neman sa hannun uba ko uwa, uban yana kabari, uwar ba ta san inda kanta yake ba. Wannan aikin hukuma ne. Amma ko a Ingila, inda yara fiye da 80,000 suke hannun hukuma kuma kusan kashi biyu cikin uku nasu suna gidajen riƙo, jami'i ba ya zuwa ƙarfe biyun dare lokacin da yaro ya farka yana ihu. Na kusa ne ke zuwa.

Akwai wasu mutane biyu da tausayinmu ke tsallakewa. Na farko 'ya'yan gidan, waɗanda aka raba musu ɗaki da uwa ba tare da an tambaye su ba, kuma in sun yi ƙorafi a ce ba su da imani. Babbar 'yar Yaya ta zama uwa ta biyu tana aji biyu na sakandare, ba wanda ya ce mata sannu. Na biyu iyayen yaron na asali. Muna son labari mai mugu da nagari, sai mu mayar da uwar da ta kasa muguwa don mai riƙon ta ƙara haske. Yaron yana ji. Duk wanda ya zagi uwarsa a gabansa, rabin jikinsa ya zaga. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2009 kan kula da yaran da ba sa hannun iyayensu sun ce talauci shi kaɗai bai isa dalilin raba yaro da iyayensa ba, sun ce kada a raba 'yan'uwa sai da ƙwaƙƙwaran dalili, kuma a bar ƙofar komawa gida a buɗe in hali ya yi. Musulmi ma ya san an umarce shi ya kira yaro da sunan ubansa. Taimakon ɗan riƙo wani lokaci yana nufin ka raka uwarsa asibiti karɓar magani, ko ka ɗauke shi ka kai shi ya gan ta, ka jira a waje.

Ranar da riƙo ya ƙare a takarda ma wani rami ne. A Amurka dubban matasa ne ke fita daga hannun hukuma duk shekara don kawai shekarunsu sun kai, ba tare da sun koma gida ko sun samu iyali na dindindin ba. Shi ya sa a 2008 aka yi dokar da ta ba jihohi damar ci gaba da tallafa musu har shekara 21, Ingila ma a 2014 ta ba su damar ci gaba da zama da masu riƙonsu har 21. Wane ɗa ne a cikin namu muke sallama ranar da ya cika 18? Mai shago da zai ɗauki ɗan riƙo koyon sana'a, da wanda zai tsaya masa ranar neman aiki ko neman aure, suna cikin masu riƙon ko ba su taɓa ba shi wajen kwana ba.

Wata masaniya mai suna Emmy Werner ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Hawai, har suka kai shekara 40. Cikin waɗanda suka taso a mawuyacin hali, na talauci da rikicin gida da rashin lafiyar iyaye, kusan kashi ɗaya cikin uku sun zama manya masu natsuwa da abin yi. Daga cikin abubuwan da suka bambanta su da sauran akwai samun babban mutum aƙalla ɗaya da ya tsaya musu ya ɗore, kuma sau da yawa ba uwa ko uba ba ne: kaka, ko yaya, ko malami, ko maƙwabci. Kalmar da na riƙe a nan ita ce ɗorewa. Ɗan riƙo ya ga masu zuwa da kyauta su shafa kansa su tafi, ya ga isassu. Ƙaramin abu da ba ya fashi ya fi masa babban abu na rana ɗaya.

Bayan an sallamo yarinyar daga asibiti, mu huɗu muka zauna muka raba kwanaki. Wata ƙawar Yaya ta ɗauki wanki, ƙanwarmu ta ɗauki kwanan yaran biyu a gidanta sau biyu a wata, wani maƙwabci mai mota ya ɗauki kai su makaranta. Ni na ɗauki yammacin Asabar: in zo ƙarfe huɗu in fita da yaron da 'ya'yan Yaya maza, mu je filin ƙwallo, mu yi aikin makaranta, in dawo da su bayan magariba. Ba wani abin a zo a gani ba ne. A wata na uku ya fara ce mini Kawu. Wani lokaci a cikin watannin nan jakar ta bar bayan ƙofa, Yaya ma ba ta san ranar ba.

Sai wata Asabar wani aiki ya riƙe ni. Na ce a raina sau ɗaya ne, yara ne, ba sai na kira ba. Washegari Yaya ta buga mini waya, ba ta ko amsa gaisuwata ba. Ta ce tun ƙarfe uku da rabi ya sa takalmi ya tsaya a bakin ƙofa. 'Ya'yanta sun gaji sun koma wasansu kafin ƙarfe biyar, shi yana nan har duhu ya yi, an kira shi cin abinci ya ƙi. Da dare ta ji motsi, ta leƙa, ta same shi yana kwashe kaya daga durowa.

Asabar ta gaba tun ƙarfe uku na iso. Na durƙusa daidai tsayinsa na ba shi haƙuri, na ce laifina ne, ba abin da ya yi. Ya bi ni filin ƙwallo, ya yi aikin makarantarsa, duk abin da na tambaya ya amsa da e ko a'a. Sati uku ya yi bai ce mini Kawu ba.